Likita, me ya sa yarona yake manta aike tun kafin ya kai ƙofa?

Tambaya: Likita, yarona ɗan shekara 4 ne. In na ce ya ɗauko buta, ya rufe ƙofa, ya kira yayarsa, buta kawai zai kawo. Kakarsa ta ce taurin kai ne. (Wata uwa daga Zariya)

Amsa: Hajiya, a wannan shekaru da wuya a kira shi taurin kai. Ɓangaren ƙwaƙwalwa da ke bayan goshi shi ke tafiyar da ayyuka uku: riƙe magana a ka har a gama aiki da ita, kame kai daga abin da zuciya ta fizgo, da sauya dabara idan ta farko ba ta yi ba. Wannan ɓangare yana cikin na ƙarshe wajen gama girma, ba ya kammala sai wajen shekara 25, amma yana girma da sauri tsakanin shekara 3 da 5. Yaronki yana tsakiyar wannan gini ne, aike uku a jere sun fi ƙarfin abin da zai iya riƙewa, musamman in hankalinsa na kan wasa.

Ga yadda za ki yi. Ki matso kusa da shi, ki kira sunansa, ki bari ku haɗa ido kafin ki yi magana; aiken da aka jefo daga madafi yakan zube a hanya. Ki ba shi biyu kawai, a jerin da kike so a yi su. Sannan ki ce, "Me na ce ka yi?" ya maimaita da bakinsa. Maimaitawar nan ita ce maganin, domin yaro da magana yake jan ragamar kansa. Shi ya sa za ki ji shi yana surutu shi kaɗai lokacin wasa, yana cewa "wannan nan, wannan can." Kada a hana shi, a hankali surutun zai koma ciki ya zama tunani. In ya saba da aike biyu, sai ki ƙara na uku. Tsawa da bulala kuwa tsoro suke sawa, kuma yaron da ke cikin tsoro abin da ya riƙe ma yakan suɓuce masa.

Tambaya: 'Yata mai shekara 6 tana katse wa manya magana, kuma in tana ba da labari daga tsakiya take farawa. (Wani uba daga Maraɗi)

Amsa: Malam, hira aiki ce mai nauyi ga yaro. Dole ta riƙe abin da take son faɗa, ta saurari naka, ta danne bakinta har ka gama, ta kuma tuna cewa kai ba ka wurin lokacin da abin ya faru. Sau da yawa tana katsewa ne don tsoron maganar za ta gudu mata. Ku yi yarjejeniya: in tana da magana ta ɗora hannu a gwiwarka, kai kuma ka dafa hannun alamar ka sani, ka ba ta dama cikin minti ɗaya. In ka bar ta ta daɗe, dabarar ta lalace. Wajen labari, tambayoyi uku sun isa: waye, a ina, sai me ya faru? Tatsuniya da dare tana da amfani sosai a nan, musamman in aka ce gobe ita za ta maimaita wa ƙannenta. Haka kacici-kacici da dara da wasan 'yar tsana, duk suna koya jiran layi da bin doka.

Tambaya: Waya tana koya wa yaro magana? (Wata uwa daga Kumasi)

Amsa: Waya ba ta jiran amsar yaro, kuma a wajen ba-ni-in-ba-ka ake koyon magana. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2019 ita ce kada a zaunar da yaro ƙasa da shekara 2 gaban allon waya ko talabijin, daga 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa ɗaya a yini. In kuma yawan harsuna ne ke damunki, jin harshe biyu ko uku a gida ba ya jawo jinkirin magana, ki ci gaba da yi masa Hausa.

Tambaya: Ɗana ɗan shekara 8 ne, malaman boko da na Islamiyya duk suna kukan ba ya zama, ba ya gama aiki. Yaushe zan kai shi asibiti? (Wani uba daga Gusau)

Amsa: Yanzu, Malam. In matsalar ta kai wata 6, tana bayyana a wuri fiye da ɗaya, tana kuma hana shi karatu, lokacin ganin likitan yara ya yi. Yana iya zama larurar rashin natsuwa da ake kira ADHD, amma kafin a kai ga wannan suna akwai abubuwan dubawa. A gwada jinsa da ganinsa, don kunnen da ya daɗe yana ruwa yakan sa a ɗauki yaro marar jin magana alhali bai ji ba ne. A auna jininsa saboda ƙarancin sinadarin ƙarfe. A lissafa barcinsa: ɗan shekara 6 zuwa 12 yana buƙatar awa 9 zuwa 12. Ka gaya wa likita in ya taɓa yin zazzaɓin cizon sauro mai suma da jijjiga, ko in yana yawan ƙura ido na 'yan daƙiƙoƙi bai san ana kiransa ba, domin akwai farfaɗiya mai zuwa a haka. Tunda kuma daga Zamfara kake, in ya taɓa zama inda ake niƙa dutsen zinare, ka nemi a yi masa gwajin gubar dalma, wadda ta kashe ɗaruruwan yara a jihar a 2010, kuma ko kaɗan ce a jini tana taɓa natsuwa da koyo. Ka tafi da littattafan aikinsa da rubutaccen bayani daga malaman biyu.