Ku Tambayi Malam: Waya Mai Zafi da Manhajar da Mai Ita Ya Watsar

Tambaya: Malam, wayata tana ɗaukar zafi da rana har ta mutu da kanta. Daga wata baiwar Allah a Mabera.

Amsa: Hajiya, a Sakkwato kike, kuma bazara ake. Cire mata rigar roba, ki daina kallon TikTok tana kan caji. In ba ta daina ba, batir ne, a canza.

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne a Jami'ar Usmanu Danfodiyo. Akwai wata ƙaramar manhaja ta kyauta da aka rubuta da harshen kwamfuta na Python, da nake amfani da ita wajen juya kwanan watan Hijira zuwa na Miladiyya. Shekara huɗu mai ita bai taɓa ta ba, ba ya amsa saƙo. Ya zan karɓe ta?

Amsa: Ƙanena, fara da lasisi, wato sharuɗɗan da mai ita ya gindaya kan amfani da ita. In MIT ne ko GPL, lasisin da ke ba kowa damar gyara, shiga GitHub, shafin da masu manhaja ke ajiye aikinsu, ka danna Fork don ka samu naka kwafin, ka yi gyaranka a naka reshen, ka bar sunan mai ita inda yake. In babu lasisi ko kaɗan, ganinta a fili bai ba ka izini ba. Sunanta a PyPI, rumbun da ake sauke manhajojin Python, kuwa, akwai ƙa'idar PEP 541 ta neman sunan da aka watsar, sai ka nuna ka nemi mai shi ba ka same shi ba. Sai haƙuri, ba a gaggawa a can.

Abin da ke ɓata min rai shi ne yadda samari ke ɗaukar wannan aiki a matsayin sarauta, a samu abin rubutawa a takardar neman aiki. Riƙon maraya ne. Ran da ka karɓa, duk wanda manhajarsa ta tsaya kai zai nema, ba sisi, wani ma har da zagi. Wata uku sai ka gaji, sai wani mai daɗin baki ya ce ba ni makulli in taimaka maka.

Haka aka yi da wata ƙaramar manhaja ta kyauta mai suna event-stream a 2018. Mai ita ya daina amfani da ita, ya miƙa wa wani da bai sani ba, shi kuma ya cusa mata umarnin satar Bitcoin daga Copay, manhajar ajiye Bitcoin da ke amfani da ita. Na xz, manhajar matse fayiloli, ya fi muni. Mai riƙe da ita, Lasse Collin, na fama shi kaɗai, wani mai kiran kansa Jia Tan ya shafe sama da shekara biyu yana aiko gyara mai kyau har aka yarda da shi, sannan ya dasa ƙofar baya, wato ɓoyayyar hanyar kutse cikin kwamfutocin mutane. A Maris 2024 Andres Freund, injiniyan Microsoft, ya lura shiga SSH, hanyar shiga wata kwamfuta daga nesa, ta ƙara jinkirin kusan rabin daƙiƙa, ya bi diddigi. Rabin daƙiƙa fa! Ku da intanet ɗinku ke ɗaukewa ku ce iska ce.

Saboda haka kunna tantancewa mai mataki biyu a asusunka, wato ƙarin tabbaci bayan kalmar sirri, yau ɗin nan, kullum sai na faɗa. Rubuta gwaje-gwajen da za su nuna maka in wani abu ya lalace kafin ka taɓa layi ɗaya na manhajar. Kada ka rushe komai ka sake gini don salon mutumin bai yi maka ba. Kowa ya aiko gyara ka karanta ka karɓa, amma ikon fitar da sabon zubi ya tsaya a hannunka.

Tambaya: Wayata kullum tana cewa wuri ya cika, Malam. Daga Arkilla.

Amsa: Bidiyon zauren dangi na WhatsApp ne. Kashe saukarwa ta kai tsaye, ka goge wa'azin da aka turo maka sau bakwai.