Kwantenarka tana Tin Can, takardunta suna hannun wa?

Wani ɗan kasuwa daga babbar kasuwar Katsina ya rubuto: "Na yi odar tayil da kayan banɗaki daga China, kwantena ɗaya mai ƙafa 40. Ta sauka tashar Tin Can a Legas yau kusan wata biyu. Ɗan yayana da ke zaune can shi na ba aikin fito da ita. Sau uku ina tura masa kuɗi, kullum sai ya ce saura kaɗan, yanzu kuma wai demorej, wato kuɗin jinkirin fito da kaya, ya taru, in ƙara miliyan huɗu. In ci bashi in tura? Ina kuma son in ƙara odar kwantena biyu kafin dala ta sake tashi."

Alhaji, kada ka tura ko sisi tukuna. Na karanta saƙonka har ƙarshe ina neman inda za ka ambaci takarda guda, ban gani ba. Ba rasit, ba lambar kwantena, ba sunan kamfanin jirgi. Abin da ka riƙe kawai shi ne "yaron ya ce". Dukiyar miliyoyi tana zaune a bakin teku, fiye da kilomita 1,000 daga shagonka, hujjarka kuwa muryar waya.

Ban ce ɗan yayanka ɓarawo ba ne. Mai yiwuwa ma shi ne ake juyawa, don zama a Legas daban, sanin aikin tasha daban. Fito da kaya aikin ejan ne mai lasisin kwastam, mai ofis da za a iya zuwa a same shi. Galibi irin yaronka shi ma wani ya miƙa wa, wanin ya miƙa wa wani, kowa yana cire nasa. Kai kuma kunya ta hana ka tambaya, kana gudun a ce ka zargi ɗan ɗakinku. Sabo da kaza ba ya hana yanka ta.

Yau ɗin nan ka sa ya turo maka hoton takardar lodin jirgi, ka duba sunan wa aka rubuta a matsayin mai karɓar kaya. In sunan kamfaninka ne, da sauƙi. In nasa ne ko na wani ejan, to a idon kamfanin jirgi kayan ba naka ba ne, sai ka bi a hankali har a gyara. Daga nan ya turo Fom M, wato takardar shigo da kaya da aka buɗe ta banki, da takardar PAAR wadda kwastam ke ƙiyasta kuɗin fito a cikinta, da rasit na kuɗin fito. Wanda ya biya kuɗin fito da gaske ba ya ɗaukar kwana uku yana neman rasit.

Shi kuma wannan "demorej" da ake jefo maka a dunƙule, kuɗi biyu ne. Kamfanin jirgi yana cajin hayar kwantenarsa bayan 'yan kwanakin alfarma sun ƙare, masu filin tasha kuma suna cajin nasu na ajiya. Dukansu kullum suke ƙirgawa, kuma farashin kwana yana ƙaruwa in zaman ya yi tsawo. Kowanne yana fitar da takardar lissafinsa da kwanan wata. Ka karɓe su, ka biya kai tsaye asusun kamfanin da ke jikin takardar. In jimlar ta kai miliyan huɗu, kuma ribar kayan za ta ɗauka, ka ci bashin ka biya da wuri, tunda kwastam na da ikon gwanjon kayan da suka wuce wa'adi. In lissafin bai kai ba, sai ku zauna da babansa.

Na san wani mai sayar da kayan babur a wajen Daura da ya bar wa surukinsa irin wannan aiki. Wata da watanni ana ce masa tsarin kwastam ne ba ya tafiya. Da ya gaji ya hau mota ya je da kansa, sai ya tarar ko shigar da takardun ba a yi ba, kuɗin fiton an juya su a wata harka da niyyar mayarwa. Kayan sun fito, amma abin da ajiya ta ci ya fi ribar, ya sayar da fili ya cike.

Ka kuma sani agogon kamfanin jirgi ba ya tsayawa ranar da tirela ta bar ƙofar tasha, sai an mayar musu da kwantenarsu ba komai ciki. Zuwa Katsina da komawa kwanaki ne, daga kuɗin jinginar kwantena da akan bari a hannunsu za su cire. Shi ya sa wasu ke juye kaya a Legas cikin wata mota. Tayil kuwa ba ya son juyi, sai ka auna fashewa da kuɗin kwanakin.

Maganar ƙarin kwantena biyu, ka bar ta. Wanda bai fito da ɗaya ba me zai yi da uku? Tsoron tashin dala ya tura mutane da yawa cin bashin da ribar ba ta biya. In wannan ta iso ka sayar, ka leƙa tashar tsandauri ta Funtuwa da aka buɗe a 2024, ko ta Dala a Kano, ka tambayi nawa za su kawo maka kwantena a yi aikin kwastam a kusa da gida, a rubuce, ka kwatanta da na Legas.