Gangar birkin baya ta ƙi fita

Ɗan'uwa, ka ce ka kwance taya da babban noti na babur ɗinka mai ƙafa huɗu, amma gangar birki, wato tambur, ko motsi ba ta yi. Na sha wannan wahalar a Garwa bayan damina. Laka da ruwa ke shiga, tsatsa ta manne gangar da haƙoran sandar taya.

Fara da sakin birkin hannu, ka sassauta notin wayar birki har ƙarshe. Sau da yawa takalman birki ne suka ci rami a cikin gangar, su ke riƙe ta. Sai ka fesa WD-40, wato man feshi mai sassauta tsatsa, ko gazuwal a bakin haƙoran, ka bar shi ya kwana. Da safe ka ɗora katako a kan gangar, ka riƙa bugu a hankali kana juyawa.

Don Allah kada ka cusa ƙarfe tsakaninta da farantin baya, tsagewa yake yi. Kada kuma ka doki kan sandar kai tsaye, zaren noti zai lalace. In mai ya taɓa takalman, canza su.

Idan ta ƙi, kai wa bakanike mai na'urar jan ganga. Gasa gangar da wuta yana iya ƙona robar da ke tare mai, bar masa wannan aikin.