Waya kaɗai ta isa a fara haɗa bidiyo?

Ɗan'uwa daga Argungu, ka ce waya kawai gare ka, kana son ɗaukar gajerun finafinai don nishaɗi, ko sai ka sayi kyamara? A'a, wayar ta isa. Ka saita ingancin hotonta a 1080p, ka riƙe ta a kwance idan YouTube za ka ɗora, a tsaye idan TikTok ne.

Sauti ne ya fi ba sabon hannu wahala. Na taɓa ɗaukar wani masunci a bakin kogin Matan Fada, hoto ya fito tas, amma iska ta cinye maganarsa ƙaf, dole na sake komawa. Tun daga ranar nake maƙala ƙaramin makirufo a wuyan riga, in lulluɓe shi da ɗan soso. Tsakar rana kuma ka haƙura da ita, inuwa take jefawa ƙarƙashin ido. Da sassafe ko bayan La'asar hasken ya fi laushi.

Wajen tace bidiyon, manhajar CapCut ta wadatar, ko KineMaster, sai dai KineMaster ta kyauta tana manna tambarinta a jikin bidiyon. Kuma don Allah ka nemi izinin mutum kafin ka ɗauke shi, musamman mata a kasuwa.