Amsa ga ƙanena da ya yi kyautar sarauniya a gasar ches

Ƙanena, na karanta tambayarka. Ka ce wasa na hannunka, ka bar sarauniya a bakin doki, abokin karawarka ya ɗauke, daga nan ka zubar da wasa biyu a jere, yanzu kana tunanin ajiye ches ɗin gaba ɗaya. Kada ka ajiye. Sarauniyar ba ta dame ni ba kamar wasa biyun da suka biyo baya.

Abin da ya same ka ya sami manya. Petrosian ya bar wa Bronstein sarauniya haka kawai a Amsterdam a 1956, kuma a 1963 shi ne zakaran duniya. Kramnik yana riƙe da kambun duniya a 2006 ya zauna da kwamfutar Deep Fritz a Bonn, bai ga kisa na taku ɗaya ba, wato takun da zai kashe sarkinsa wasa ya ƙare. Jera wannan a allonka ka duba: dokin farare, wato na kwamfutar, ya shige can layin baya a gidan f8, sarkin Kramnik na h8, sarauniya ta sauka h7, shi ke nan. Ido bai saba da doki a wannan gida ba, shi ya sa ya tsallake shi. Yawancin katoɓara daga nan take fitowa, mutum ya nutse cikin shirinsa ya daina tambayar me ɗaya ɓangaren yake nufi.

Tun da nake zama gaban allo a fadojin Zongo da Birni, na lura yara sun fi yin wannan lokacin da suke kan gaba. Da yaro ya ci hasumiya sai ya jingina, ya miƙa hannu a zuba masa shayi, ya fara kallon ƴan kallo. To a nan ne ake cin sa. Saboda haka kafin ka taɓa komai, tunda a gasa abin da ka taɓa shi za ka motsa, sa hannuwanka ƙarƙashin cinya ka duba: in na ajiye nan, da me zai yi wa sarkina barazana, me zai ci, wa na bari babu mai gadi? Daƙiƙa goma ta isa. Ka kuma lura da agogo, don wanda ya ƙone lokacinsa a farkon wasa da gaggawa zai ƙarasa.

In kuwa ta riga ta faru, riƙe fuskarka. A Sochi a 2014, wasa na 6 na karawar kambun duniya da Anand, Carlsen ya kai sarkinsa d2, kuskuren da zai iya jawo masa asarar wasan. Anand ya yi saurin tura kurtunsa bai gani ba, Carlsen ya ci wasan, ya kuma ci karawar. Sau da yawa na ga yaro ya dafe kai yana salati, shi da kansa ya nuna wa abokin karawarsa abin da bai hango ba. Faɗuwar gaba asarar namiji. Ka zauna daram, ka ɗauki allon yadda yake yanzu, ka nemi takun da zai fi ba shi wahala.

Sai batun wasannin da ke biyo baya, inda ka fi jin jiki. Fischer ya jefa giwarsa cikin tarko a h2 a wasan farko da Spassky a 1972, bai zo na biyu ba aka ba Spassky, amma ya dawo ya lashe karawar da maki 12½ da 8½. Nepomniachtchi kuwa, bayan Carlsen ya ci shi a wasa na 6 mai taku 136 a karawarsu ta Dubai a 2021, bai farfaɗo ba, ya zubar da na 8, na 9 da na 11. Ƙwarewarsa ba ta ragu cikin kwana uku ba, wasan jiya ne ya biyo shi teburin yau.

Don haka tsakanin zagaye kada ka buɗe waya manhajar ches ta yi ta nuna maka inda ka ɓata. Fita ka sha ruwa, ka yi alwala, ka yi salla, ka ɗan ci abinci marar nauyi. In an gama gasar, kawo takardar da ka rubuta takunka mu jera wasan tare, mu fara daga taku biyar kafin sarauniyar ta tafi.