Ciki ya fito, manaja ya ce in rubuta takardar ajiye aiki: me doka ta ce?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Barista. Ni mazauniyar Agege ce, ina aikin kashiya a wani babban kantin kayan masarufi a Ikeja, shekara ɗaya da wata takwas ke nan. Albashina naira dubu 90 ne a wata, ta banki ake biya na. Yanzu ina da ciki wata biyar. Da hijabi ya daina ɓoye shi, manajanmu ya kira ni ofis ya ce aikin na tsayuwa ne ba zan iya ba, in rubuta takardar ajiye aiki da hannuna, in na haihu in dawo, idan da gurbi za su duba. Ya ba ni zuwa ƙarshen wata. Tun da na fara ba su taɓa ba ni takardar ɗaukar aiki ba. Maigidana ya ce in bar su da Allah, amma da albashin nan muke haɗa kuɗin haya. Wata ƙawata kuma ta ce a Legas hutun haihuwa wata shida ne. Mene ne gaskiya, kuma yaya zan yi?

AMSA

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah Ya raba lafiya.

Kafin komai: kada ki rubuta takardar nan. Ko ya lallashe ki, ko ya ɗaure fuska, ko ya ce don a rufa miki asiri ne, kada biro ya taɓa takarda. Ki tambayi kanki, in da yana da ikon korar ki kai tsaye saboda ciki, me zai sa ya tsaya roƙon ki ki rubuta da hannunki? Ruwa ba ya tsami banza. Takardar da yake nema garkuwarsa ce. Ranar da magana ta kai gaban hukuma, ita zai zaro ya ce, "Ai ba mu kore ta ba, ita ta tafi."

Na taɓa ganin irinta. Wata baiwar Allah daga Idi-Araba ta zo ofishina da jariri a baya, ta kwance wata baƙar leda ta miƙo mini kwafin takarda mai layi huɗu. Rubutunta ne, sa hannunta ne, amma Turancin ba nata ba ne. Shugabar wurin ce ta riƙa faɗa tana rubutawa. Har da godiya ga kamfani a ƙarshe. Kotun ma'aikata ta san da irin wannan dabara, kuma tana ɗaukar ajiye aikin dole a matsayin kora. Sai dai a nan nauyin ya koma kanki, ke za ki tabbatar tilasta miki aka yi, a ɗakin da daga ke sai manaja.

Yanzu maganar ƙawarki. Ta ji ƙamshin gaskiya amma ba ta ga tukunyar ba. Hutun wata shida da cikakken albashi gwamnatin Jihar Legas ce ta ba ma'aikatanta mata a 2014, zamanin Gwamna Fashola, tare da kwana goma ga mazajen da matansu suka haihu. Na ma'aikatan gwamnatin jiha ne. Matan da ke aikin gwamnatin tarayya kuma mako 16 suke samu. Ke da kike kanti mai zaman kansa, Dokar Ƙwadago ta ƙasa ce ke riƙe da ke, tsohuwar doka ce, kuma sashe na 54 shi ne naki. Dokar ta ware manyan jami'ai da ƙwararru, waɗanda yarjejeniyar aikinsu ce ke magana a kansu, amma mai aikin ƙarfi da mai aikin rubuce-rubuce da lissafi irin naki suna ciki.

Sashen ya ce idan likita ya ba ki takarda cewa haihuwa ta rage mako shida, kina da ikon barin aiki ki huta. Bayan haihuwa kuma haramun ne a sa ki aiki har tsawon mako shida. Ki lura da bambancin: na kafin haihuwa zaɓinki ne, na bayan haihuwa dole ne, ko ke kika ce za ki dawo bai halatta su karɓe ki ba. Mako shida kwana 42 ke nan, wato arba'in ɗinmu da ɗoriyar kwana biyu, kamar waɗanda suka rubuta dokar sun yi shawara da kakanninmu masu wankan jego. Jimla mako goma sha biyu. Tun da kin haura wata shida kina aiki da su, dole su biya ki aƙalla rabin albashinki a tsawon hutun. A naki lissafin, dubu 45 ne a wata, na kusan wata uku. Idan kin dawo da goyo, kina da rabin awa sau biyu a rana don shayarwa, a cikin lokacin aiki. Kuɗin asibiti dai dokar ba ta ɗora musu ba. Kuma a duk tsawon hutun, har ma in ya zarce saboda rashin lafiyar da likita ya tabbatar daga cikin ko haihuwar ta samo asali, ba su da ikon ba ki notis na kora.

A nan ne ramin yake, kuma ba zan ɓoye miki ba. Kariyar da sashen ya bayar daga kora ta lokacin hutu ce. Ke kuwa wata biyar gare ki, ba ki kai lokacin ba. Shi ya sa za ki ga masu kamfanoni suna gaggawa da zarar ciki ya turo riga: so suke su rabu da mace kafin ta shiga inuwar sashe na 54. A da, hakan na yi musu aiki, domin tsohuwar ƙa'ida ita ce mai aiki na iya sallamar ma'aikaci da dalili ko babu dalili, muddin ya ba da notis. Notis ɗin ma bai taka kara ya karya ba: wanda ya haura wata uku bai kai shekara biyu ba, mako ɗaya ne kacal a sashe na 11, sai in yarjejeniyar aiki ta ba shi fiye da haka.

Abin da ya sauya lissafin shi ne gyaran kundin tsarin mulki na 2010. Sashe na 254C ya ba Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ikon sauraron duk rikicin aiki, ya ambaci nuna bambanci da cin zarafin mata a wurin aiki da sunansu, ya kuma buɗe mata ƙofar yin hukunci da yarjejeniyoyin ƙwadago na duniya da Nijeriya ta amince da su. Cikinsu akwai ta 111 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda ta hana bambanci a aiki saboda jinsi, Nijeriya ta amince da ita a 2002. Hujjar mai sauƙi ce: namiji ba ya ciki, saboda haka korar mace don ta yi ciki korar ta ce don tana mace, sashe na 42 na tsarin mulki kuma ya hana hakan. A wata shari'a da lauyoyi ke kira ta Maiya, wadda aka buga a rahotannin shari'a na 2012, wata mata ta gaya wa shugabanninta tana da juna biyu, suka sallame ta nan take. Kotun ta ce wannan nuna bambanci ne da taɓa mutunci, ta sa aka biya ta diyya daidai da albashin shekara guda. A 2023 ma kotun ta soke ƙa'idar nan ta rundunar 'yan sanda da ke korar 'yar sandan da ta yi ciki ba aure. Idan rundunar 'yan sanda ba ta tsira ba, kantin Ikeja ba zai tsira ba.

Amma kotu da hujja take aiki, ba da hawaye ba, kuma a yau duk abin da kike da shi maganar baka ce a ofis. Ga aikin da ke gabanki a wannan makon. Ki tura wa manajan saƙo ta WhatsApp ko imel, cikin ladabi, ba zagi ba gori. Ki ce masa: game da maganar da muka yi ranar kaza, da ka ce in ajiye aiki saboda cikina, ina sanar da kai ba ni da niyyar ajiye aiki, lafiyata ƙalau, zan nemi hutun haihuwa idan lokaci ya yi. Ki sa kwanan wata. Idan ya amsa da "ai don lafiyarki na faɗa", ya sa hannu a kan hujjarki da kansa. Idan ya yi shiru, saƙon na nan. Dokar Shaida ta 2011 ta yarda da saƙon waya a gaban kotu, don haka ki ɗauki hotonsa ki tura wa wata wayar, kada taki ta faɗa ruwa ko a fizge ta a danfo.

Ranar awo ki roƙi likita ya rubuta miki takarda mai nuna watannin cikin, da lokacin da ake sa ran haihuwa, da cewa za ki iya aiki. In tsayuwa na wahalar da ke, ya rubuta a ba ki kujera. Kashiya a zaune ba ta taɓa rage cinikin kowa ba.

Batun rashin takardar ɗaukar aiki kada ya karya miki gwiwa. Laifinsu ne ba naki ba, domin sashe na 7 ya wajabta musu ba ki sharuɗɗan aiki a rubuce cikin wata uku da farawa. Ki je banki ki karɓo bayanin asusunki na wata ashirin ɗin nan. Alat ɗin albashi da ke shigowa duk wata da sunan kantin ya fi shaidu goma. Ki ɗauki hoton katin shaidarki na aiki, da jadawalin aiki in ana liƙawa a bango.

Sai abin da ya fi wuya: ki ci gaba da zuwa aiki a kan lokaci. Daga yau ido na kanki. Makarar minti goma saboda cunkoson hanyar Agege zuwa Ikeja, wadda da ba a kulawa, yanzu za ta iya zama takardar tuhuma. Gibin naira ɗari biyar a lissafin yamma zai iya zama "sata". Ki ƙirga kuɗinki a gaban shaida, ki sa hannu a rajista kullum. Idan suka hana ki shiga, kada ki yi faɗa da maigadi. Ki tsaya a bakin ƙofa ki tura saƙo cewa kin zo an hana ki shiga, ki nemi takardar kora a rubuce. In sun miƙo miki kuɗi da wata takarda su ce sa hannu nan, ki ce sai kin kai gida an karanta. Sau da yawa a cikinta akwai layin da ke cewa kin karɓi duk haƙƙinki, ba ki bin su komai.

Inda za ki kai kuka ba sai da kuɗi ba. Gwamnatin Legas na da Cibiyar Sasanta Jama'a, ƙarƙashin Ma'aikatar Shari'a, da ke kiran ma'aikaci da mai aiki su zauna kyauta. Akwai ofishin lauyoyin gwamnati masu kare marasa ƙarfi, wanda aka fi sani da OPD, a Surulere. Akwai ƙungiyar mata lauyoyi ta FIDA, akwai kuma jami'an Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya. Ba a tambayar ke 'yar wace jiha ce. Na faɗi haka ne domin na sha jin matanmu na Agege da Mile 12 da Alaba Rago suna cewa ai mu baƙi ne, wa zai saurare mu. In sulhu ya ƙi, Kotun Ma'aikata na nan a Ikoyi.

A ganina, ki fara da sulhu. A abin da na gani, wasiƙar lauya guda mai ambaton sashe na 54 da hukuncin kotu kan sa mai kanti ya kira manajansa ya ce a bar maganar, don ya san rabin albashin wata uku ya fi masa arha a kan diyyar shekara. Shari'a kuwa tana cin lokaci, yaron da ke cikin nan na iya fara tafiya ba a gama ba. Kuma da wuya kotu ta tilasta wa kamfani mai zaman kansa ya mayar da wanda ya kora. Abin da aka fi samu kuɗi ne. Ki shiga da sanin haka. Sannan ki riƙe hannunki daga Facebook da TikTok. Ranar da kika kira sunan kantin kika zazzage musu, kin ba lauyansu abin riƙewa, maganar ta tashi daga cikinki ta koma ɓata suna.

Idan har aikin ya tafi kuma suna cire miki fansho, ki duba ko suna zubawa a asusunki da gaske. Wanda ya rasa aiki ya yi wata huɗu bai samu wani ba, doka ta ba shi damar cire kashi 25 cikin ɗari na abin da ya tara.

Shi kuma maigida, ki gaishe shi, ki ba shi wannan amsar ya karanta. Ba a ce ya je kanti ya ɗaga murya ba, hasali ma kada ya je. Abin da ake so daga gare shi shi ne ya zauna kusa da ke daren yau ku tsara saƙon nan tare, ranar zuwa cibiyar sulhu kuma ya raka ki, ya riƙe miki takardun.