Tambaya da Amsa: Tarar gudun wuce ƙima da ta biyo mutum har gida

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Malam, ni ɗan kasuwa ne mazaunin Ƙofar Ƙaura a birnin Katsina. Kwanakin baya na je Ingila tare da iyalina domin bikin kammala karatun 'yata ta fari, na ɗauki hayar mota ta kwana takwas a filin jirgin sama saboda zirga-zirgar iyali. Bayan dawowata da mako uku sai na ga kamfanin hayar ya cire fam 35 daga katina, ya turo saƙo cewa kyamara ta kama motar da gudun wuce ƙima. Na ɗauka magana ta ƙare ke nan, sai ga 'yata ta bugo waya ta ce wasiƙar 'yan sanda ta iso gidan da take zaune, domin adireshinta na bayar, kuma an rubuta cewa motar ta yi gudun mil 38 a inda aka ƙayyade mil 30. Abokaina na kasuwa sun ce in share kawai tunda na baro ƙasar, ita kuma yarinyar ta ce tana da lasisin can, za ta rubuta cewa ita ce ke tuƙi don ta sauwaƙe mini. Wanne zan bi?

AMSA: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya sanya albarka a karatun yarinya. Kada ka bi ko ɗaya daga cikin shawarwarin biyu, kuma ta biyun ta fi ta farkon haɗari nesa ba kusa ba, don haka da ita zan fara.

A dokar Ingila, wanda ya ɗauki laifin tuƙin wani ya ɗora wa kansa ya fita daga batun tara, ya shiga laifin karkatar da shari'a, wanda ake ɗaure mutum a kansa. A watan Maris na 2013 wata kotu a Landan ta yanke wa Chris Huhne, tsohon ministan makamashi na Birtaniya, hukuncin ɗaurin wata takwas, ta yanke wa tsohuwar matarsa irin wannan hukunci, saboda ta karɓi makin laifin gudun da shi ya yi tun a 2003, wato makin da ake rubuta wa direba a lasisinsa. Shekara goma ta wuce kafin hukuncin ya same su, kuma muƙamin minista bai kare shi ba. Yarinyarka baƙuwa ce a can, takardar zama gare ta, kuma duk abin da ta sha wahala a kansa na karatu yana rataye da tsabtar sunanta. Ga shi kuma sunanka ne a takardar hayar motar, don haka idan ta ce ita ke tuƙi ta shaida da hannunta cewa ta tuƙa motar da ba a ba ta izini ba, inshora kuma ba ta rufe ta ba, wato laifi na biyu ke nan a kan na farko. Na san tausayin uba ne ya sa ta faɗi haka, Allah ya yi mata albarka, amma ka kira ta yau ka hana ta taɓa takardar da alƙalami.

Fam 35 ɗin da aka cire maka ba tarar ba ce, kuma nan ne mutanenmu da yawa suke ruɗewa. Idan kyamara ta ɗauki lambar mota, 'yan sanda suna aika sanarwa cikin kwana 14 zuwa ga wanda aka yi wa motar rajista da sunansa, wanda a nan shi ne kamfanin haya. Kamfanin sai ya duba littafinsa, ya miƙa musu sunanka da adireshin da ka bayar, sannan ya cire ladan wannan aiki daga katinka bisa sharaɗin da ka sa wa hannu ranar da ka karɓi makulli. Ainihin maganar tana cikin wasiƙar da ke hannun 'yarka. Wani zai ce maka ai kwana 14 sun wuce kafin ta iso gare ka, don haka ta lalace, amma wannan wa'adi na sanarwar farko ce da ta je wa kamfanin, bai shafi wadda aka sake aiko maka ba.

Abin da wasiƙar take nema a wannan mataki shi ne ka tabbatar da wanda ke riƙe da sitiyari a wannan rana da wannan lokaci, kuma kana da kwana 28 daga ranar da aka aiko ta. Ka sa yarinyar ta ɗauki hoton kowane shafi, gaba da baya, ta turo maka. Ka zauna ka gwada lambar motar da ranar da sa'ar da abin da ke cikin takardar hayarka, domin yakan faru a ɗora wa mutum laifin da aka yi bayan ya mayar da mota. Na taɓa zama da wani bawan Allah a shagonsa na yadi, ya baje takardu a kan kanta yana huci, muka bi su layi-layi da yatsa, sai muka tarar an ɗauki hoton ƙarfe huɗu na yamma alhali rasidinsa ya nuna ya miƙa makulli tun kafin azahar. Wannan rasidi, da ya kusa jefarwa a filin jirgi, shi ya fitar da shi. Idan kai naka ya yi daidai, to ka cika da sunanka da lambar lasisinka na Nijeriya da adireshinka na Katsina, ka sa hannu da kanka, ka aika ta hanyar da aka nuna a jikin wasiƙar, ka kuma ajiye shaidar aikawa.

Bayan nan za su yi maka tayi. Mafi ƙarancin hukuncin gudun wuce ƙima a can shi ne fam 100 da maki 3, kuma ko da lasisinka ba na ƙasarsu ba ne, hukumar lasisin tuƙi tasu tana buɗe wa baƙo rajista ta rubuta makin a ciki. Idan gudun bai yi yawa ba, kamar naka, wani lokaci sukan ba mutum zaɓin halartar wani ɗan gajeren kwas na wayar da kai a maimakon maki, ana biyan kuɗinsa, kuma akwai wanda ake yi ta intanet. Idan aka yi maka wannan tayi, ina ganin ya fi. Wajen biya kuwa, in katin naira ya ƙi wucewa kamar yadda yakan yi, babu laifi ka tura wa yarinyar kuɗin ta biya daga asusunta, muddin sunanka ne a takardar. Sai dai ka kiyayi saƙon waya ko imel mai ɗauke da mahaɗi yana cewa ka danna ka biya nan take, domin 'yan damfara sun san matafiya suna cikin fargaba. Ka bi lambar shari'a da adireshin da ke jikin wasiƙar da ta zo ta gidan waya kawai.

To, sai maganar abokanka. Gaskiya ne babu ɗan sandan Ingila da zai zo ya buga maka ƙofa a Ƙofar Ƙaura, ba zan tsoratar da kai da abin da ba haka yake ba. Amma ƙin amsa wasiƙar laifi ne mai zaman kansa, wanda ya fi gudun nauyi, domin yana jawo maki 6 da tarar da za ta iya kai fam 1,000, kuma kotu tana iya yanke hukunci ba ka nan. Abin da ya fara a matsayin fam 100 sai ya zama hukuncin kotu da sunanka a kai, takardun neman biya kuma su riƙa sauka a gidan da 'yarka take haya. Sannan ranar da za ka sake neman biza, fom ɗinsu yana tambaya ƙarara ko an taɓa hukunta ka kan laifin tuƙi a can ko a wata ƙasa. Wanda ya biya tararsa ya rubuta gaskiya ba shi da abin ɓoyewa, amma wanda aka kama da ɓoye bayani ana iya hana shi shiga har tsawon shekara 10. Kai da kake da 'ya a can, wataƙila gobe da jikoki, bai kamata ka sayar da wannan hanya a kan fam 100 ba.

Bari in ƙara da abin da nake zaton ya jawo maka wannan. A Ingila duk titin da ke da fitilun kan hanya ƙa'idarsa mil 30 ce ko da ba ka ga allo ba, sai in an nuna wani abu daban, kuma unguwanni da yawa yanzu sun koma mil 20. Mil 30 kusan kilomita 48 ne, ƙasa kaɗan da kilomita 50 da dokarmu ta ƙayyade a cikin gari. Wanda ya saba da faɗin titin Ring Road na Katsina, in ya ga titi shimfiɗe babu rami babu ɗan acaɓa, ƙafarsa za ta nutse bai sani ba. Sai dai an sa wannan iyaka ne saboda mai tafiya a ƙasa, yaro ɗan makaranta ko tsohuwa mai tsallaka titi, kuma mil takwas ɗin da ka ƙara suna da yawa a jikin wanda aka buge.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Daga Daura nake. Na je Umara, wani ƙanen mahaifina da ya daɗe yana zaune a Jidda ya ba ni aron motarsa na kai iyali Madina. Bayan na dawo sai na ji a bakin matarsa cewa saƙon tara har biyu ya shigo wayarsa, amma shi bai ce mini komai ba. In yi shiru ne tunda bai tayar da maganar ba?

AMSA: Ɗan'uwa, kunya ce ta hana Baffa magana, kuma kai ma ka san haka, shi ya sa ka rubuto. A Saudiyya akwai tsarin kyamarori da ake kira Sahir, wanda aka fara aiki da shi a 2010, kuma shi lambar mota yake gani, ba ruwansa da wanda ya ari mota don zuwa ziyara. Tarar tana sauka ne a kan lambar igamar mai motar, wato takardar izinin zamansa a ƙasar, saƙo ya shigo wayarsa, ta kuma bayyana a shafinsa na Absher, manhajar ayyukan hukuma ta Saudiyya. Tarar gudu a can tana farawa daga riyal 150, tana hawa gwargwadon yadda mutum ya zarce har ta kai riyal 2,000, don haka guda biyu suna iya zama kuɗi mai nauyi ga mai iyali da ke biyan haya da kuɗin igama. Abin da ya fi kuɗin ciwo shi ne, muddin tarar tana kansa ba a biya ba, wasu ayyukansa na hukuma suna tsayawa, kamar sabunta takardun mota da fitar da bizar fita da komawa, wato ranar da zai so zuwa Daura ganin gida sai ya share ta tukuna.

Hanyar Makka da Jidda zuwa Madina tana da wuraren da aka yarda ƙaramar mota ta yi kilomita 140, kuma wannan ne yake yaudarar baƙo, domin iyakar tana sauka idan an kusanci gari ko wurin bincike, shi kuwa direba yana nan a kan gudunsa na baya. Idan Baffa ya duba ya ga ranakun ba su dace da tafiyarka ba, yana da kwana 30 da zai shigar da ƙorafi ta Absher. Idan kuwa sun dace, ka kira shi da kanka, ka gaishe shi, ka ce ka ji abin da ya faru, ka nemi afuwarsa, ka roƙe shi ya turo maka hoton saƙon. Kada ka tambaye shi ko yana so ka biya, domin amsar da zai ba ka a fili take, zai ce haba ɗana, ai ba komai. Ka lissafa kuɗin a farashin riyal na ranar, ka tura ta hannun wanda kuka saba aike da shi, ka haɗa da ɗan abin da za a sayo wa yara, sannan bayan kwana biyu ka sake kira ka ji ko ta fita daga shafinsa.